Tukunyar Kullun Madam Léonie

Sufeto Honorine Mazet ta shimfiɗa tawul ke nan a kan doguwar kujerar da ke bakin wurin ninkaya, ta zare takalmi, ta kifa hula a fuska, sai ta ji mutum ya tare mata iska.

"An ɗauke Tsohuwa," in ji Madam Léonie, mai otal ɗin.

Honorine ba ta ɗaga hular ba. Ta san Tsohuwa. Duk wanda ya taɓa zama a dogon teburin gidan La Combelle, a bayan ƙauyen Rochevive, ya san ta ko yana so ko ba ya so, domin ba a kawo miya ba a kawo labarinta ba. Uwar kullu ce mai tsami, wadda ake ɗiba a kwaɓa burodin gidan. Tana zaune cikin tukunyar ƙasa a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida tun zamanin kakar Madam Léonie, ana ciyar da ita gari da ruwa safe da yamma. Saboda burodin nan ne mutane ke tuƙo mota daga Lyon da Paris, su biya kuɗi mai tsoka, su kwana a kan gado mai kuka.

"Ki kira 'yan sandan jandarma," in ji Honorine daga ƙarƙashin hula.

"Na kira. Sun ce in kwatanta musu kamanninta, ina jin su suna dariya a bayan waya. Wai sai Litinin, yanzu duk suna bakin kogi suna tsamo baƙin da kwale-kwale ya kife da su."

"To, Allah ya kai mu Litinin."

"Ita ba za ta kai ba. A zafin Agustan nan, in ta yini a bayan mota ko ta kwana ba ci, ta mutu." Matar ta ƙara matsowa. "Ƙanwarki da ta kama miki ɗaki ta gaya mini aikinki."

Likita ne ya koro Honorine daga ofishinta na Saint-Étienne saboda hawan jini. Ya ce ta tafi inda babu gawa, babu lauya, babu mai yi mata ƙarya. Ta yi biyayya har da ƙari: da aka tambaye ta sana'a a teburi, cewa ta yi ma'aikaciyar gwamnati ce, ta sa baki a miya. Yau da yamma kuma motar otal za ta kai baƙi kan tsauni su kalli faɗuwar rana a kwazazzabon kogin Ardèche, abin da ya kawo ta ke nan. An gudu ba a tsira ba. Ta ƙudurta a ranta in ta koma gida ƙanwar nan sai ta gane kurenta.

Ta ɗaga hular don ta ce a'a ido da ido. Léonie Teyssier ta haura saba'in, doguwa ce, busasshiya, irin matar da baƙo kan nemi ƙarin gishiri a gabanta ya ƙare da ba ta haƙuri. Amma yau ita ce tsaye tana neman taimako, ta cusa hannuwa ƙarƙashin ƙyallen girkin da ke ɗaure a ƙugunta.

"Ita kaɗai ta rage mini mai rai daga hannun mahaifiyata," in ji ta.

Honorine ta ja dogon tsaki, ta shiga laluben takalmi.

Ƙofar ɗakin ajiyar ba ta da makulli, kuma ba ta bukata. Ta kumbura ta cije tun kafin a haifi Honorine. Sufeto ta tura, ta daka da kafaɗa, ta zage ta, ƙofa ko gezau. Madam Léonie ta matsar da ita gefe, ta ɗaga mariƙin sama, ta dangwari ƙasan ƙofar da gwiwa, sai ga ta a buɗe. Honorine ta duƙa ta duba katakon. Babu karce, babu alamar an sa ƙarfe an ɓamɓare. Tabon takalminta kaɗai ta gani.

A kan kantar dutse akwai zagayen shatin gindin tukunya. Kusa da shi ga akwatin cokulan azurfa, ga kwalaben giyar da kowace ta fi albashin ɗan sanda, ba wanda aka taɓa.

"Me kuma ya ɓace?"

Léonie ta bi bangon da ido. "Ƙyallen da nake rufe ta da shi. An ɗebi gari a buhun nan. Da cokalin katako."

"Ga na ƙarfe a rataye kusa da shi, ya fi girma. Me ya sa na katako?"

"Ƙarfe ba ya taɓa ta. Haka mahaifiyata ta ce, haka tata mahaifiyar ta ce."

"Kin taɓa faɗin wannan a teburi?"

"Wannan na gida ne."

"Ashe akwai abin da kika rage mana. Yaushe kika gan ta ƙarshe?"

"Kafin abincin rana. Daga nan kowa ya kwanta, kamar kullum, sai da rana ta yi sanyi."

"Kin taɓa ɗibar wa wani? Maƙwabciya, ƙawa? Mu je mu karɓo cokali ɗaya ki sake tayar da ita, ni ma in samu motar zuwa tsauni."

"Ban taɓa ba kowa ba."

"Dangi fa?"

"Ba ni da dangi."

Ta faɗe shi da sauri, kamar mai rufe taga don ƙuda. Honorine ta ji, ta adana.

Iyalin Beljiyam da suka cika benen sama sun fita ganin kogo tun da safe, ba su dawo ba sai bayan an tashi barci. Saura mutum huɗu. Ta fara da kicin.

Achille Bonnaure, mai girkin gidan, ƙato ne mai sanƙo, yana yanka albasa kamar ita ta yi masa laifi.

"Misye Achille, an ce ranar Lahadi ka rantse za ka zuba wa aladu Tsohuwa."

"Na rantse. Na kuma ce zan haɗa musu da Madam ɗin. Ga ta can da ranta."

"An ce kana neman shago a gari, za ka buɗe gidan burodi."

"Tun ina da gashi nake nema."

"Ina kake bayan abincin rana?"

"Inda duk mai hankali yake. A kwance." Ya ajiye wuƙa ya nuna mata yatsa. "Madam, hannuna yana cikin tukunyar nan kowace safiya. In ina so, abin da ya manne mini a farce ya isa. In sa a kwalba, in ba shi gari, kafin mako ya zagayo ya cika roba, ba mai sani. Wane mai burodi ne zai saɓa tukunya mai nauyin yaro ya hau matakala da ita?"

Honorine ta matso kusa. "Ka taɓa yi?"

Ya waiga ƙofa, ya rage murya. "Sau ɗaya."

"Yana ina? Ɗauko, a gama."

"Matata ta gan shi a firiji, ta zaci abinci ne ya ruɓe. Ta wanke kwalbar da sabulu, ta sa mini zaitun a ciki."

Honorine ta rufe ido ta ja numfashi kamar yadda likita ya koya mata. Bai yi aiki ba. Amma maganar ƙaton gaskiya ce. Mai son kullu cokali zai ɗiba. Wanda ya kwashe tukunyar gaba ɗaya so yake Madam Léonie ta wayi gari babu. Sai dai mai wannan nufin kaɗai masai zai nufa da ita, ba zai tsaya ɗaukar gari da cokali ba. Ɓarawon nan yana ƙin Léonie, yana kuma tattalin Tsohuwa.

Tana cikin wannan tunani ta ji ƙahon motar otal a tsakar gida, ta ji an rufe ƙofa, ta ji tayoyi suna taka tsakuwa har sautin ya ɓace. Ta ɗauki zaitun ɗaya a kan tebur ta tauna da ƙarfi.

Tanguy Delorme, mai rubuta sharhin abinci a wata jarida a Paris, yana kwance a ɗakinsa ja wur kamar tumatir. An wangale ƙyamaren tagogi duka, rana ta shigo ta baje, ɗakin ya koma tanderu. Matarsa Bérénice tana zaune a gefen gado tana ɗura masa ruwa a baki.

"Kun bar ƙyamare a buɗe cikin wannan rana?"

"Kuɗin kallon kwari muka biya, Madam, ba na duhu ba," in ji Bérénice.

"Misye Delorme, ka nemi a sayar maka da kullun."

"Na nema, cikin ladabi. Ta ce in je kasuwa in tambayi nawa ake sayar da kaka."

"Da ta ba ka, me za ka yi da shi?"

"In daskarar da shi, in kai wa wani abokina mai injin kwaɓi."

"Da me ake juya shi?"

"Da cokali mana."

"Wane iri?"

"Cokali iri gare shi?"

Ya ɗago hannuwa don ya nuna mamaki, sai ga su a naɗe da bandeji har wuyan hannu. Jiya ya dage sai ya tuƙa kwale-kwale tun daga saman kwazazzabo har ƙasa, shi da bai taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba. Tafukansa suka kumbura suka yi ruwa.

"Ko maɓallin wando ni nake sa masa," in ji Bérénice. "Ni kuwa kada ki kalle ni. Abin nan warin safar ɗan ƙwallo yake yi, ko kyauta ba na so."

Honorine ta dubi faratan matar, dogaye, jajaye, ko ɗaya bai tsage ba. Ta tuna kokawarta da ƙofar ƙasa. Ta yi wa mara lafiya sannu, ta fita.

Ɗakin ƙarshe a barandar na Madam Noélie Vasseur ne, mace mai shekara talatin da 'yan kai, wadda ta zo ita kaɗai. A teburi takan zauna can ƙarshe, ta ci burodi a hankali, ba ta sa baki a hira. Sai da Honorine ta ƙwanƙwasa sau da yawa kafin a buɗe, shi ma iya faɗin fuska. Ciki duhu ne, ƙamshin man lavanda ya bugo har ya shaƙe mutum.

"Ciwon kai," in ji Noélie. "Ba na jure haske."

"Sannu. Kin ji an yi sata?"

"Na ji hayaniya."

"Daga ina kike?"

"Dijon."

"Kin taɓa zuwa yankin nan?"

"Wannan ne farko."

"Kin je kogo? Gadar dutse? Kasuwar Laraba?"

"A'a."

"Wato kin biya kuɗin hutu ki zauna a duhu."

"Kowa da irin hutunsa."

Honorine ta ji hassada ta soke ta, domin hutun da likita ya rubuta mata ke nan. Matar tana fitar da kalmomi ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Zan iya shiga?"

"A matsayin wa?"

Tambayar tana kan hanya. Honorine ba ta da takardar bincike, ba ta bakin aiki, ƙafarta ma silifa ce. Ta sauka tsakar gida ta ɗaga kai. Duk tagogin baƙi a wangale suke, tawul da kayan wanka sun rataya a kansu. A rufe ruf akwai uku kawai: na Madam Léonie, na kicin, da na Noélie Vasseur. Biri ya yi kama da mutum. Amma ciwon kai ba laifi ba ne, kuma babu alƙalin da zai sa hannu saboda mace ta rufe taga.

Da yamma aka zauna a dogon teburi. Madam Léonie ta yanka burodin da ya rage siriri siriri, ta zagaya da shi, ita ba ta ɗauka ba. Ba ta ba da labari ba. Honorine, wadda ta sha roƙon Allah a zuci ya kawo ranar da za a ci miya babu Tsohuwa, ta ji shirun ya dame ta. Tausayin matar ya kama ta sosai, kuma ta ji haushin kanta da ta bari ya kama ta. Mutanen Beljiyam suka yi ta miƙo mata waya tana ganin hotunan faɗuwar rana, suna cewa ai ta yi babban rashi.

Da safe ma'auratan Paris suka sauko da akwatuna, domin hannun Misye Delorme yana bukatar likitansa na gida. Noélie Vasseur ma ta ce yau za ta kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba. Honorine tana zaune a baranda da kofin kofi, ta san in motocin nan biyu suka fita ƙofa, magana ta ƙare.

Bérénice mace ce da ba ta barin wuri sai ta yi sallama da kowa kamar tare aka yi yaye. Ta fara gaisuwar haɗa kunci da Honorine: kunci na dama, kunci na hagu, kowa ya ja baya, lafiya lau. Ta kama Noélie da ke wucewa da ƙaramar jaka. Dama, hagu, Bérénice ta ja kai za ta yi magana, sai fuskar Noélie ta sake tahowa, hanci ya daki hanci.

"Yi haƙuri," in ji Noélie, ta sunkuyar da kai ta yi gaba da sauri.

Bérénice ta murza hanci ta juya ga Madam Léonie. Dama, hagu, ta ja kai, tsohuwar ta sake tahowa, hanci ya sake dakar hanci.

"Yau hancina ya shiga uku," in ji Bérénice tana dariya. "Kullum sai na manta, ku a nan sau uku kuke yi."

"Ku ne marowata," in ji Léonie ba tare da murmushi ba. "Biyu, kamar kuna biyan haraji a kai."

Honorine ta ajiye kofin a hankali.

Motar Noélie tana ƙarƙashin babbar bishiyar tsakar gida, inji a kunne, na'urar sanyi tana aiki, ba kowa a ciki. A kujerar gaba akwai abu zagayayye lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul na otal, an ɗaure shi da bel kamar fasinja. Honorine ta je ta tsaya a bayan motar da silifarta, ta harɗe hannu.

"Madam Vasseur, a Dijon sau nawa ake haɗa kunci?"

Noélie ta tsaya da jaka a hannu. "Ban taɓa ƙirgawa ba."

"Ba wanda ke ƙirgawa, wuya ne ke yi. Biyu ne a Dijon, biyu a garinmu. Na riga ki zuwa gidan nan, ana gaishe ni safe da yamma, har yau wuyana a biyu yake tsayawa. Naki ya tafi na uku ba ki aike shi ba. A yankin nan kika girma."

"Ko da haka ne, laifi ne?"

"Ƙarya ce dai, kuma likita ya hana ni jin ta." Honorine ta ɗaga murya kaɗan. "Madam Léonie, zo ki ji, don ba zan maimaita ba."

Tsohuwar ta sauko daga baranda. Achille ya leƙo daga ƙofar kicin da wuƙa a hannu.

"Baƙi suna buɗe ƙyamare su gasa kansu. Ke kin rufe naki tun safe kamar 'yar gida, domin kina da abin da zafi ke kashewa. Kin zuba lavanda don ya danne tsami. Kin san bayan abincin rana ko gobara aka yi a gidan nan ba mai tashi. Ba ki gudu jiya ba, domin hanyar rana za ta dafa ta a mota, sai kika jira sanyin safiya. Harshenki kin iya ɓoye shi, kin yi ƙoƙari. Duk wannan 'yar kowane gida a Ardèche za ta iya. Amma ƙofar ƙasa ba ta buɗuwa sai an ɗaga an sa gwiwa, kuma kin tsallake cokalin ƙarfe kin ɗauki na katako. Wannan ba a faɗe shi a teburi ba. Wanda ya tashi a cikin gidan nan ne ya gaya miki." Ta juya ga Léonie. "Ke kuma kin ce mini ba ki da dangi. Duk gidan nan mai hannu a bandeji ne kaɗai bai yi mini ƙarya ba. Madam Vasseur, Vasseur sunan mijinki ne. Sunan mahaifinki fa?"

Noélie ta dubi tsohuwar. Da ta buɗe baki, muryar ta sauya, ta koma ta mutanen tsaunin nan, mai ja da waƙa.

"Firmin Teyssier. Ina kwana, Gwaggo."

Léonie ba ta motsa ba. "Ƙanena ba shi da abin da zai nema a gidan nan."

"Cokali ɗaya ya nema. Bayan rasuwar Kaka, da kuka yi rigima kan gidan, ya bar miki, ya kama ɗan shago a Aubenas. Ya zo nan da kwalba a wanke, kika rufe masa ƙofa. Shekara talatin da ɗoriya yana gasa burodi da yis ɗin kanti, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga nan."

"Sai ya aiko ki sata."

"Bai aiko ni ba. Na kira ki da sanyin hunturu. Ina cewa Firmin, kika kife waya."

"Na ɗauka maganar gida ce kuma."

"Maganar asibiti ce. Mun binne shi a watan Maris."

Gyare suna ta kuka a kan bishiya. Achille ya cire hular girkinsa. Léonie ta taka zuwa motar kamar mai tafiya cikin ruwa, ta buɗe ƙofar gaba, ta yaye tawul, ta ɗaga ƙyallen. Kullun ya taso har bakin tukunya, yana ƙananan kumfa, ƙamshinsa ya fito ya cika wurin.

"Kin ciyar da ita," in ji ta.

"Jiya da yamma, da yau da asuba. Ruwa mai ɗumin hannu, a juya ta dama, kada a yi mata magana da faɗa. Tun ina ƙarama yake koya mini yadda ake ciyar da abin da ba shi da shi."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon tukunyar. "Ya ambace ni? A ƙarshe?"

Honorine ta yi shekaru tana jin mutane suna ƙarya a inda gaskiya ta fi sauƙi. Yau ta tsinci kanta tana roƙo a zuci yarinyar nan ta yi guda ɗaya.

"A'a, Gwaggo," in ji Noélie. "Burodin mahaifiyarsa ya nema."

Léonie ta mayar da ƙyallen, ta gyara gefunansa, ta lulluɓa tawul, ta ja bel ɗin ta tabbatar ya kama. Ta rufe ƙofar motar a hankali.

"Kada ki bi ta babbar hanya, rana tana dukan gilashin gaba. Bi ta cikin kwari."

"Madam, gobe da me za mu yi burodi?" in ji Achille.

"Akwai yis a kanti."

"Za ki shigar da ƙara ko ba za ki shigar ba?" in ji Honorine.

"Ba a yi sata a gidana ba."

Nan haƙurin Sufeto Mazet ya ƙare. Ta rasa faɗuwar rana, ta ƙuje kafaɗa, jininta ya hau har tana jin bugunsa a kunne, duk a kan abin da ke ninka kansa da kansa in an ba shi gari.

"Don girman Allah, ku raba mana. Ga tukunya, ga cokali, ga kwalabe cike da kicin. Wane irin taurin kai ne wannan?"

"Ba ni da bakin roƙo," in ji Léonie.

Noélie ta shiga mota, ta sauke gilashi. Ta dubi Léonie.

"Kina da shi, Gwaggo. Shagon yana nan, ni ke riƙe da shi. Maƙabartar ma ba nisa. Ki zo Aubenas da kwalbarki a wanke, ki tsaya a ƙofa, ki tambaya."

Honorine ta kauce daga bayan motar. Ta san irin matan nan, ta san Léonie Teyssier za ta juya ta shige gida, ta mutu da yis ɗin kanti a baki kafin ta taka ƙofar wani. Motar ta fara ja da baya a kan tsakuwa.

Léonie ta bi motar, ta ɗora tafin hannu a kan gilashin gaba, motar ta tsaya.

"Wane titi ne?" in ji ta.